Haƙorin Mai Ƙaho

A mataki na biyar sautin ya sake tsinkewa. Mai Ƙaho ya zare bakin ƙahon daga leɓensa, ya harare shi kamar shi ya yi laifin, ya goge shi da gefen riga ya mayar. Ya ƙara cusa kan ƙahon cikin durowar kaya, tsakanin riguna, don kada maƙwabta su ji, ya ja numfashi ya sake hawa. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. A na biyar sai iska zalla, fuuu, kamar tayar keke ta sace.

Kiɗan nasa ne. Shi ya tsara shi tun yana da baƙin gashi, shi kuma ya raɗa masa suna Tsani, domin a ƙarshensa ƙaho yakan hau sama mataki-mataki har bakwai, ya tsaya a kan na bakwai shi kaɗai, sauran makaɗa duk sun ɗauke hannu. Da shi za su rufe wasan gobe. Shekara huɗu rabon garin da jin kiɗan jaz a bainar jama'a, tun da aka mayar da gidan da suke wasa shagon sayar da katifa. Yanzu ga wani ɗakin taro ya yarda ya ba su Asabar ɗin farkon kowane wata, in dai ta gobe ta yi armashi. An manna fasta har a jikin motocin haya.

Ya kai harshensa kan haƙorin gaba na sama. Sumul. Nan fa gizo ke saƙar.

Shekara talatin da biyu da suka wuce wani direban bas ya taka birki yana tsakiyar busa, ƙarfen ya ɓalle masa gefen haƙorin. Wata shida ya yi yana koyon busa daga farko, har leɓensa ya sami wurin zama a kan ɓallen, iska ta sami hanyarta. Duk sautin da aka san shi da shi, ta wannan 'yar kafar yake fita. To, shekaranjiya wani haƙori na can ciki ya hana shi sakat, 'yarsa Auta ta kai shi asibitin haƙorin da take aiki. Aka yi masa allurar kashe zafi, ya lumshe ido, bakinsa duk ya zama kamar ba nasa ba. Da aka gama aka miƙa masa madubi, sai ya ga an cike masa ɓallen ma, fari tas. Kyauta ce Likita ta yi wa mahaifin ma'aikaciyarta. Auta na tsaye tana tafi kamar ƙaramar yarinya. Shi kuwa, tsohon banza, sai ya ce ya gode.

"Baba, in shigo?"

Ya yi maza ya zaro ƙahon daga cikin durowa. Auta ta shigo da kayan aikinta a jiki, ta rataye masa farar riga da ta sha guga a jikin ƙofa.

"Ga ta gobe nan, kada ka taɓa min ita da hannun mai. Na karɓo tikiti huɗu, layin gaba. Likita ma ta ce za ta zo da mijinta." Ta tsaya ta karkata kai. "Yi murmushi in gani."

Ya yi.

"Kai! Wallahi kamar ba kai ba. An rage maka shekara goma."

Maganar ta zo masa har maƙogwaro. Amma ya dubi fuskarta, sai ya haɗiye. Yarinyar nan tun tana firamare take kuka a kan haƙorin nan, wai yara na tsokanarta babanta ya ciji dutse. Wata takwas kacal da samun aikinta, kuma ya san ita ce ta cire kunya ta roƙi uwar ɗakinta. Da wane baki zai ce mata garin neman gira an rasa ido?

"Allah ya yi miki albarka," ya ce. "Je ki, kada ki makara."

Ƙarfe goma sha ɗaya ya isa ɗakin taron. Ana ta jan kujeru ana jerawa, mai gyaran wuta na bisa tsani yana faɗa da wata fitila da ta ƙi kamawa. Madugu, shugaban ƙungiyar, ya riga ya zauna gaban fiyano, tabarau a ƙarshen hanci. Mutum ne da ya haura saba'in, ga ciwon suga ga saurin fushi, amma kunnensa ko sauro ya yi tari a bayan ɗaki sai ya gaya maka a wace murya ya yi. Tsawa mai ganga yana ɗaure fatun gangunansa yana waƙar banza. Siriri mai saksofon, wani abin busa na ƙarfe, yana gefe yana lasar ɗan karan busarsa, tsaf da shi kamar kullum.

Kiɗa huɗu na farko suka tafi lafiya, don babu wanda ya nemi sama. Mai Ƙaho ya lallaɓa a ƙasa-ƙasa, zufa na bin bayansa. Sai Madugu ya ce, "Tsani."

Suka shiga. Ganga ta ɗauka, fiyano ya bi, saksofon ya yi nasa zagayen ya koma gefe. Aka zo gindin tsanin, kowa ya fara janye hannu. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, fuuu.

"Maɓallin ƙahon ne ke maƙalewa," in ji Mai Ƙaho da sauri. Ya zaro 'yar kwalbar mai ya ɗiga, ya danna, ya danna, yana jan lokaci. 

A karo na biyu sai ya yi dabara. Ai jaz kiɗa ne da ke barin mutum ya bi ta inda ransa ya so. Da ya kai mataki na huɗu sai ya kauce, ya yi wasu 'yan kwane-kwane masu daɗi, ya gangaro ƙasa ya sauka a hankali kamar da ma haka ya yi niyya. Har mai gyaran wuta ya ce, "Kai, madalla!"

Madugu ya rufe murfin fiyano. Bai buga shi ba, a hankali ya rufe, wanda ya fi bugawar muni.

"Wa kake yi wa wayo? Ni?"

"Sabon salo nake gwadawa."

"Ana gobe wasa? Shekara talatin mutane na zuwa don su ji ka tsaya a kan na bakwai, yau ka ce min salo. Ba ka da lafiya ne? In numfashi ne ya ƙare ka faɗa, tsufa ba abin kunya ba ne."

"Numfashina ƙalau."

Ya ɗauki gorar ruwa ya kafa kai don ya sami abin yi da bakinsa. Ruwan da sanyi, ya taɓa inda aka yi aiki, ya yage baki ba shiri. Tsawa, wanda idonsa ba ya barin komai ya wuce, ya nuna shi da sandar ganga.

"A'a! Jama'a, ku zo ku ga ango! Ƙaho, ina ka kai ɓallenka? Amarya za a ƙaro ne ba mu da labari?"

Tsawa ya fashe da dariya, amma shi kaɗai. Siriri ya kai hannu ya dafe nasa bakin ba tare da ya sani ba. Duk mai busa ya san ba a taɓa haƙorin gaba, ko da kuwa ya karkace kamar ƙugiya, balle ana saura kwana uku wasa. Dariyar Tsawa ta mutu a hanya.

Madugu ya cire tabarau. "Buɗe in gani."

Ya buɗe, kamar yaron da aka kama da alewa.

"Inna lillahi. Da hankalinka? Shekara arba'in kana busa, ka miƙa wa wani bakinka ka rufe ido?"

"Ba da sanina aka yi ba. Yarinyar ce ta so ta faranta min."

"To ta faranta." Madugu ya murza goshinsa. Da ya sake magana muryarsa ta sauka, amma babu sassauci a cikinta. "Ka san ina ƙaunarka. Amma masu ɗakin nan gobe kaɗai za su saurare mu su yanke hukunci, kuma ba ni kaɗai ba ne na shekara huɗu ina jira. Ƙarfe huɗu zan kira ka. In na ji bakwai, shi ke nan. In ban ji ba, Siriri zai hau Tsani, kuma wanda ya yi na gobe shi zai yi na sauran watannin. Ba na hawa dandamali da ɗan rakiya."

Siriri ya dubi ƙasa. "Ni ban nema ba, Yaya."

"Na sani," in ji Mai Ƙaho. Ya kuma san tun yaushe mutumin ya haddace kiɗan, har da inda ake jan numfashi. Ya rufe akwatin ƙahonsa ya fita.

A cikin bas ya rungume akwatin a ƙirji. Ransa ya ɓaci, kuma ba da kowa ba sai da kansa. Ya yi tunanin ya wuce gida ya kwanta, gobe ya ce zazzaɓi ne, Auta ba za ta taɓa sani ba. Har motar ta kai kwanar gidansu yana wannan saƙar. Sai ya hango kansa zaune a layin gaba kusa da ita, wani yana hawa tsaninsa, yana tafa masa da sabon haƙori. Bai sauka ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ɗakin jiran asibitin ya cika. Wata tsohuwa ta dafe kumatu da ƙyalle tana nishi, wani mutum yana karanta takarda ɗaya tun ɗazu. Agogon bango ya nuna biyu da kwata. Sai da ya nuna uku saura minti goma sannan Auta ta leƙo da fayil a hannu, ta gan shi, ta ga akwatin.

"Baba! Lafiya? Ciwon ne ya dawo?"

"Likita nake son gani."

Likita mace ce mai fara'a, ba ta wuce arba'in da biyar ba. Ta tarbe shi da "Sannu da zuwa, Baba, ya ƙarfin jiki?" Bai zauna a kujerar ba. A tsaye ya faɗa, idonsa a kan tayal, ya bayyana mata yadda leɓe ke zama a kan haƙori, da yadda iska ke bi, da abin da Madugu ya ce. Ya ƙare da cewa, "Ki yi haƙuri, alheri kika yi min. Amma so nake ki mayar min da shi yadda yake."

Fayil ɗin ya faɗi daga hannun Auta.

"Tun shekaranjiya?" ta ce. "Kwana biyu kana cikin wannan, ina ce maka ka yi murmushi? Haba, Baba! Haba!"

"Ban so in ɓata miki rai ba."

"Ai gara ka ɓata! Ni ce fa na roƙa. Ni na ce mata kada ta tambaye ka, za ka ƙi don kunya." Hawaye ya zubo mata, ta share da bayan hannu da ƙarfi, kamar tana jin haushinsa.

Fara'ar Likita ta ɗauke. "Laifina ne, da na tambaya. Amma bari in gaya maka gaskiya, Baba. Cire cikon ba wuya. Sai dai kafin in ɗora shi na goge bakin ɓallen don ya kama. Abin da ke ƙarƙashi yanzu ba shi ne wanda ka zo da shi ba. Akwai hotonsa?"

Auta ta zaro waya ta shiga ja da yatsa. Ga shi ranar da ta gama makaranta, baki a rufe. Ga shi da jikansa a cinya, baki a rufe. Ga wani yana dariya, amma ya kare da tafin hannu. Sauran duk ƙaho ne a bakinsa. Shekara talatin da biyu yana ci da haƙorin nan yana kuma ɓoye shi, ko hoto ɗaya babu.

"Harshena ya san shi," ya ce. "Ki riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, ina gwadawa."

"A nan?"

"A nan."

"To sai dai babu allura, don in leɓenka ya mutu ba za ka iya busa ba."

"Na yarda."

Ya kwanta, aka sauko masa da fitila a fuska. Auta ta sa safar hannu ta riƙe bututun zuƙe yawu, ta ƙi haɗa ido da shi. Ɗan injin ya fara kukansa. Cikon ya fita ba zafi, sai ƙauri kamar na gashi da ya ƙone. Ya kurkure baki, ya tashi zaune da ƙyallen takarda a wuya, aka miƙo masa ƙaho. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Biyar ta fito! Shida ta fashe kamar muryar zakaran da bai gama girma ba.

Daga ɗakin jira aka ji tsohuwar nan ta ɗaga murya: "Wai asibiti ne nan ko barikin soja?"

Uku da minti ashirin.

"Daga nan kuma haƙorinka ne na gaske zan ci," in ji Likita. "Abin da na gurza ba ya dawowa."

"Gurza."

Wannan karon ya ji a jikinsa. Wani sanyi mai kaifi ya harba daga haƙorin har tsakiyar kansa, ya damƙe hannun kujera, ƙafarsa ta miƙe. Ta tsaya, ya taɓa da harshe, ya ce a ƙara ta tsakiya. Ta ƙara. Ya busa, shida ta ƙi. Ta sake ƙarawa. Ya share hawayen da zafi ya matso masa, ya busa, shida ta fito siririya, tana rawa, amma ta tsaya da ƙafarta. Ya kai wa bakwai hari, ko alamarta babu.

Huɗu saura kwata.

"Ƙara zurfi," ya ce.

Likita ta ajiye injin a mazauninsa. "A'a. Saura ƙiris in kai jijiya. In na huda ta, haƙorin ya mutu, kuma ba gobe kaɗai za ka rasa ba, sai ka yi watanni ba ka ɗora ƙarfe a bakin nan ba. Na yi kuskure ɗaya a bakinka, ba zan yi na biyu ba."

"Bakina ne, Likita."

"Hannuna ne, Baba."

 Mai Ƙaho ya ji tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba tun ranar da direban nan ya taka birki. A lokacin yana da ƙuruciya da wata shida na koyo. Yanzu minti goma sha biyu gare shi.

"Ba zurfi ba ne," in ji Auta.

Suka dube ta.

"Ba haka yake ba sam. Ku duka kuna ta bin tsakiya. Ɓallen ba a tsaye yake ba, a karkace yake, ya tafi ta hagu, sannan can ƙarshe akwai ɗan tsini da ya lanƙwasa ciki." Ta ciro fensir daga aljihun rigarta. "Baba, kai da harshe ka san shi, ba ka ko son duba madubi. Ni kuwa kallonsa nake yi. Duk ranar da ka zo ɗaukata a makaranta shi nake kallo, ina addu'a kada ka yi dariya a gaban ƙawayena. Ko a mafarki aka tashe ni zan zana shi. Buɗe."

Ya buɗe. Ta riƙe haɓarsa da hannu ɗaya, ta sunkuya har yana jin numfashinta, ta ja ɗan layi a gefen haƙorin. Ta goge da yatsa, ta sake ja, ta ɗan matsar da shi. Likita ta leƙa da ƙaramin madubinta, ta daɗe tana dubawa.

"Nan babu jijiya kusa," ta ce. "Amma in ba shi ba ne, na gama. Ka ji ko?"

Ya gyaɗa kai.

Injin ya yi kuka na ɗan lokaci, ya tsaya, ya sake yi, ya tsaya. Ya kurkure baki ya tofar. Bai kai ga taɓa wurin da harshe ba wayarsa ta fara ruri a aljihu. Huɗu saura minti uku. Madugu bai taɓa makara ba a rayuwarsa, abin haushin ke nan.

Auta ta zaro wayar ta amsa, ta buɗe muryar wayar don kowa ya ji.

"To, ina saurare," in ji Madugu. Ko sallama babu.

Mai Ƙaho ya sauko da ƙafafunsa ƙasa ya miƙe tsaye, ƙyallen takardar na lilo a wuyansa. Auta ta kai wayar kusa da bakin ƙahon, ta riƙe ta da hannu biyu. Ya ɗora ƙarfen a leɓe. Leɓen ya ɗan zame hagu da kansa, ya zauna.

Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Biyar. Shida. Ya rufe ido, ya tattaro duk abin da ya rage masa a ciki, ya tura.

Bakwai ta fito, ta cika ɗakin, har ƙananan ƙarafan da ke kan faranti suka ɗauki rawa. Ya riƙe ta, zafi na sukar haƙorin kamar allura, ya ƙi saki sai da idonsa ya fara ganin duhu. Sannan ya sauke ƙahon ya dafa kujera yana haki.



"Ka makara da rabin bugu a na shida," in ji Madugu. "Ƙarfe biyar za mu sake bi daga farko. Kada ka sa in jira ka." Ya kashe.

Mai Ƙaho ya zube a kan kujera, dariya ta ƙwace masa, baki buɗe, ya ma manta da kai hannu ya kare. Likita ta juya tana wanke hannu, ta daɗe a wurin famfon fiye da yadda wanke hannu ke bukata. Auta ta tsaya a kansa da wayar a hannu, idonta jawur, tana kallon abin da ta zana.

"Wallahi, Baba," ta ce, "ya fi na da muni."

"Allah ya yi miki albarka," ya ce. "Miƙo min akwatina."